Yadda ake bin diddigin cutar bakkale a garkunan shanu, daga zaɓen ruga har zuwa lissafi

Cutar da makiyaya ke kira bakkale, likitocin dabbobi kuma suke ce mata burusela, ba ta kayar da saniya nan take, shi ya sa take daɗewa a garke ba a farga ba. Saniya na cin ciyawarta lafiya lau, sai ciki ya haura wata biyar, galibi tsakanin na shida da na takwas, ta yi ɓari. Mabiyiya ta maƙale, nono ya ragu, ta jima ba ta sake ɗaukar ciki ba. Bijimi kuma maraina su kumbura. Wasu shanun gwiwarsu ta tara ruwa ta yi tulu. Abin da ya fi ruɗar mai garke shi ne yawancin shanu sau ɗaya suke ɓarin. Haihuwa ta gaba sai ta zo daidai, ya ɗauka ta warke, alhali duk haihuwar da za ta yi tana zubar da ƙwayar cutar a ruwan haihuwa da mabiyiya da madara. Mutum ma yana kamuwa, ta shan madarar da ba a tafasa ba ko ta taɓa ɗan ɓari da hannu tsirara, ya yi ta fama da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, gumin dare da ciwon gaɓoɓi da na baya, ana ta ba shi maganin maleriya da na taifot.

Ƙwayar da ta fi kama shanu ita ce Brucella abortus, wadda wani likitan dabbobi ɗan Denmak, Bernhard Bang, ya gano a 1897. Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wani babban bincike da aka wallafa a 2012, wanda aka yi a jihohin Adamawa da Kaduna da Kano, ya samu alamarta a kusan saniya ɗaya cikin huɗu, kuma a fiye da garke uku cikin kowane huɗu. Sai dai wannan adadi ba zai gaya maka halin da ƙaramar hukumarka take ciki bana ba. Cutar na iya yin katutu a wannan gunduma, ta yi ƙaranci a ta kusa da ita. Dole kowane yanki ya auna nasa, ya kuma riƙa maimaitawa. Wannan bayani na malamin dabbobi ne, da jami'in ƙungiyar masu madara, da ɗalibin da aka tura ɗaukar jini a ruga.

Ka fara yanke abin da kake son sani

Tambaya biyu ce, kuma ba ɗaya ba ce. Ta farko: cikin shanun yankin nan, kashi nawa ne ke ɗauke da cutar? Ta biyu: cikin garkunan yankin, nawa ne cutar ta shiga, ko da saniya ɗaya ce? Ta biyun ta fi amfani wajen tsara rigakafi, domin garke ake ɗaukar mataki a kai, ba saniya ɗai-ɗai ba. Ka rubuta iyakar yankin a takarda tun kafin ka fita, ka kuma tsayar da lokaci. Damina ko farkon kaka ya fi, lokacin da shanu ke kusa da gida. Idan ka fita da rani, manyan garkuna sun tafi neman ruwa da ciyawa, waɗanda za ka tarar 'yan tatsa ne da marasa ƙarfi.

Zaɓen garke, inda yawancin bincike ke lalacewa

A nan nake so a tsaya da kyau. Abin da aka saba yi shi ne a hau mota a bi titi, duk rugar da ke bakin hanya a tsaya. Ko a tambayi ardo ya nuna inda ake fama da ɓari, a je can. Ko kuma a tafi mayanka a tara jinin shanun da aka yanka a ce an samu adadin jiha. Duk ukun suna ba da lamba, amma lambar ba ta yankin ba ce. Wanda ya bi garkunan ɓari kaɗai zai samu adadi mai tayar da hankali. Shanun mayanka kuma an kwaso su ne daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari da Mubi, wasu ma daga ƙetaren iyaka, kuma da yawansu an sayar da su ne don sun daina haihuwa. Mai sayen hatsi da ya san aikinsa ba ya duba bakin buhu kawai, sai ya soka har tsakiya da gindi.

Ga yadda za ka yi. Zauna da arɗaɗe da masu unguwanni da malaman dabbobi na gunduma, ku rubuta sunan duk mai garke a yankin, na kusa da na lungu, Bafulatani da manomin da ke da 'yan shanu a bayan gida da mai gonar madara. Ba kowane suna lamba. Daga nan ƙuri'a ce za ta zaɓa, ba kai ba. Ko dai ka rubuta lambobin a 'yan takardu a zuba a ƙwarya a riƙa zara, ko kuma, idan garke 200 ne kana son 50, ka zari lamba ɗaya tsakanin 1 da 4, daga ita ka riƙa tsallake uku kana ɗaukar na huɗu. Idan ƙuri'a ta faɗa kan rugar da sai an tsallake rafi a kan babur, can ɗin za a je. Idan mai garke ya ƙi, ka rubuta cewa ya ƙi, ka zari wani ta ƙuri'a, kada ka maye gurbinsa da maƙwabcin da kuka saba gaisawa.

A cikin garken ma haka ne. Makiyayi zai so ya kamo maka masu sauƙin kai, ko waɗanda yake zargi. Ka ƙirga manyan shanun, ka ɗauki ta uku-uku ko ta huɗu-huɗu yadda suke tsaye a turke.

Shanu nawa suka isa?

Idan kana hasashen cutar tana wajen kashi 20 cikin 100, kana kuma son kuskurenka kada ya wuce kashi 5 sama ko ƙasa, lissafi ya ba da shanu 246. Idan ba ka da wani hasashe, sai ka ɗauka rabi da rabi ne, ka nemi 384. Amma shanun garke ɗaya suna kama da juna, rijiya ɗaya suke sha, bijimi ɗaya ke hawansu, saboda haka goma daga garke ɗaya ba su kai darajar goma daga garkuna daban-daban ba. A ninka adadin aƙalla sau biyu. Kuma shanu 10 daga garke 50 sun fi shanu 50 daga garke 10 nesa ba kusa ba, duk da cewa sun fi cin mai da wahala.

Idan kuwa so kake ka ce wa mutum ɗaya ko cutar na garkensa, goma ba za su isa ba. A babban garke inda ɗaya cikin goma ke da ita, sai ka gwada 29 kafin ka samu tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa za ka ci karo da ko ɗaya. A garke mai manya 50, wajen 22. Ƙaramin garke kuwa a gwada manyan duka a huta.

Waɗanda suka haura shekara ɗaya ake ɗauka. Ɗan maraƙi yana samun garkuwar uwarsa ta daƙashi, jininsa zai iya nuna alama ba tare da yana da cutar ba. Idan an taɓa yi wa 'yan maruƙa allurar rigakafin bakkale mai suna S19 a garken, a bar su sai sun cika shekara biyu. Saniyar da ta haihu ko ta yi ɓari cikin 'yan kwanakin nan tana iya nuna babu alhali akwai, don haka a rubuta ta, a sake ɗaukar jininta bayan sati uku zuwa wata ɗaya.

Shiga ruga

Kada ka sauka da allura a hannu. Ka aika tun jiya, ka zo da sassafe kafin a saki shanu kiwo, ka fara da gaisuwa wurin ardo. Makiyaya ba su manta da jangali ba, kuma baƙon da ya zo da littafi yana ƙirga shanu abin tsoro ne. Ka faɗa a fili: "Ranka ya daɗe, ba ƙidayar haraji ta kawo mu ba. Ciwon ɓari muke bi. Jinin da za mu ɗiba bai kai cokali biyu ba, kuma duk abin da muka gani za mu dawo mu gaya muku." Wannan alkawarin na ƙarshe, in ka san ba za ka cika ba, kada ka ɗauka.

Kowace saniya tana da layinta a takarda: lambar garke, lambarta, sunan da mai ita ke kiranta da shi, jinsi, irinta (Bunaji ce, Rahaji ko Bokoloji), shekaru bisa haƙora da faɗar makiyayi, haihuwa nawa, ta taɓa ɓari ko maƙalewar mabiyiya, akwai kumburin gwiwa, a gida aka haife ta ko sayo ta aka yi. Sunan nan yana da muhimmanci inda babu lambar kunne, don da shi za ka gane ta in ka dawo. Game da garken kuma ka tambaya ko ana aron bijimi, ko tumaki da awaki na kwana tare da shanu, da yadda ake yi da ɗan ɓari. Tambayar madara da tafasa ta, matan gida za a yi wa, su ke riƙe da ƙwarya.

Ɗaukar jini da adana shi

Safar hannu, takalmin roba, sabuwar allura ga kowace saniya. A riƙe ta da kyau, a ɗebi mililita 5 zuwa 10 daga jijiyar wuya ko ta ƙarƙashin wutsiya, a kwalba mai jan murfi, wadda babu maganin hana daskarewa a cikinta. Rubuta lamba a jikin kwalbar kafin ka soka allura, ba a murfi ba, kuma da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa.

Jingine kwalaben a karkace a inuwa awa ɗaya ko biyu, jinin ya daskare ya saki ruwansa mai launin rawaya-rawaya. Wannan ruwan ake gwadawa. Sai a sa a kula mai ƙanƙara, amma kada kwalba ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a raba su da kwali. Jinin da ya daskare da sanyi, ko ya sha rana a bayan mota, ko ya sha girgiza a kan babur, fashewa yake yi, ruwan ya koma ja, karatunsa ya yi wuya. Da an isa, a juya a na'ura minti goma, in babu na'ura a bar shi ya kwana a firij, a tsiyaye ruwan a sabuwar 'yar kwalba mai lamba iri ɗaya. Yana yin 'yan kwanaki a sanyin firij, tsakanin digiri 2 da 8. Fiye da haka sai a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a yi gwajin cikin kwana biyu da a bar ruwan yana narkewa yana sake daskarewa.

Gwajin Rose Bengal

Shi ne gwajin farko, mai arha, ba ya buƙatar wuta. Ruwan gwajin matattun ƙwayoyin Brucella ne da aka rina da launin ja mai haske. A firij ake ajiye shi, kuma ba a taɓa daskarar da shi.

Fito da ruwan gwajin da ruwan jinin su huce su kai ɗumin ɗaki, wajen digiri 22, kada ya wuce 26. Wannan sharaɗi yana da wuya a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, shi ya sa ake yin aikin da sanyin safiya, a ɗaki rufe, ba fanka a kai. Iskar hunturu ma tana busar da ɗigon kafin lokaci, gefensa ya yi ɓawo, mai karatu ya ɗauka cuta ce.

Girgiza kwalbar ruwan gwajin a hankali har ya haɗe. A kan farin tayil mai tsabta, ɗiga maikirolita 30 na ruwan jini, a gefensa ka ɗiga 30 na ruwan gwaji. Gauraya su da sabon tsinke har su yi da'ira mai faɗin santimita biyu. Ɗauki tayil ɗin kana karkata shi a hankali gaba da baya, agogo na gabanka, minti huɗu cif. Sai ka duba a haske mai kyau. Idan babu cuta, ɗigon zai zauna sumul, launi ɗaya. Idan akwai, za ka ga ya tsinke, ƙananan gudaji ja sun fito, wani lokaci manya a bayyane, wani lokaci 'yan tsaki-tsaki da suka taru a bakin da'irar. Ko kaɗan ka gani, ka rubuta akwai. Abin da ya fito bayan minti huɗu ba a lissafa shi. Kada ka jera fiye da shida ko takwas a lokaci ɗaya, don na farko zai wuce lokacinsa kafin ka gauraya na ƙarshe.

Kowace rana, kafin komai, a gwada ruwan jini ɗaya da aka san yana da cutar da ɗaya da aka san ba shi da ita. In waɗannan biyun ba su fito yadda ya kamata ba, ruwan gwajin ya lalace, aikin ranar ya tsaya.

Tabbatarwa

Rose Bengal ba kasafai yake kuskuren mai cuta ba, amma yakan ɗora wa mai lafiya. Allurar S19 na sa shi nuna alama, haka ma wasu ƙwayoyin cuta masu kama da Brucella, musamman Yersinia enterocolitica O:9. Don haka duk wanda ya nuna alama a tura shi babban ɗakin gwaji a sake dubawa da gwajin jini na tabbatarwa, wato ELISA ko CFT. A Najeriya akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, da tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Nijar akwai LABOCEL, babban ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, a Yamai. A yi magana da su tun kafin a fita daji, a san me suke da shi a ƙasa.

Madara, hanya mai sauƙi ta sa ido

Inda ake tara madara a cibiya ko ƙungiya, ba sai an soki kowace saniya ba. Ana ɗibar madarar garke gaba ɗaya bayan an motsa ta, a ajiye a firij ta kwana, kada ta wuce kwana uku. A zuba mililita ɗaya a siririyar kwalba, a ɗiga maikirolita 30 na shuɗin ruwan gwajin zobe, a gauraya, a ajiye awa ɗaya a digiri 37. Idan akwai cutar, mai zai taso sama ɗauke da launin, a ga shuɗin zobe a kai, ƙasa ta yi fari. Idan babu, madarar duka ta zauna shuɗi-shuɗi, man da ke sama bai fi ta launi ba.

Ɗanyar madara mai cikakken mai kaɗai ke aiki. Kindirmo, nonon da aka kaɗe, da madarar da aka tafasa ko aka daskarar ba sa yi. Daƙashi, madarar mai ciwon hantsa da ta wadda ke dab da ƙafewa suna ba da zoben ƙarya. Gwajin bai dace da tumaki da awaki ba. Kuma tunda ba duk shanu ake tatsa a lokaci ɗaya ba, a maimaita duk wata uku ko huɗu. Garken da ya nuna zobe, shi za a bi da gwajin jini.

Idan an yi ɓari

Kowane ɓari labari ne da ya kamata ya iso gare ka, don haka ka bar wa makiyaya lambar wayarka. A ware saniyar, a hana karnuka jan mabiyiya, a binne ta da ɗan ɓarin a rami mai zurfi ko a ƙone. Ƙwayar na mutuwa da sauri a rana, amma tana yin watanni a wuri mai danshi da inuwa. Ruwan cikin tumbin ɗan ɓarin, guntun mabiyiya, madara da ruwan kumburin gwiwa su ne ake nomar ƙwayar daga cikinsu, wato a raya ta a ɗakin gwaji, don a san ko ta shanu ce ko Brucella melitensis ta tumaki da awaki. Likita ne zai ɗiba, da safar hannu biyu da takunkumi da tabarau, a rufe ninki uku. Kada wani ya gwada nomar ƙwayar nan a ƙaramin ɗakin gwaji, tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan ɗakin gwaji a duniya.

Lissafi

A ɗauka, a matsayin misali, ka gwada shanu 500 daga garke 50, aka tabbatar da 60, kuma suna cikin garke 21. Na shanu kashi 12 ne cikin 100, na garkuna kashi 42. Ka kawo duka biyun a rahoto, tare da bayanin yadda aka zaɓi garkunan da irin gwajin da aka yi.

Gwaji ba ya rasa kuskure, don haka ana gyara adadin. Idan gwajinka na kama 95 cikin masu cuta 100, yana kuma wanke 98 cikin masu lafiya 100, sai ka haɗa 12 da 98 ka cire 100, ya ba da 10. Ka haɗa 95 da 98 ka cire 100, ya ba da 93. Raba 10 da 93, ka samu kusan kashi 10.8. Inda cutar ta yi ƙaranci abin ya fi tsanani: cikin shanu 1,000 da 10 kaɗai ke da ita, irin wannan gwajin zai ɗora wa masu lafiya kusan 20. A irin wannan wuri, wanda ya sa makiyayi ya rabu da saniyarsa bisa gwaji ɗaya ya zalunce shi.

Ƙasashen da ke kiwon ɓauna

A Indiya da Pakistan da Masar da kudancin Italiya ana kiwon ɓaunar gida don madara, kuma cutar na kama ta kamar yadda take kama saniya. Matakan nan duka su ake bi, sai dai ana lissafa ɓauna daban, shanu daban, ko da a gida ɗaya suke. Indiya ta ƙaddamar da shirin ƙasa a watan Satumba na 2019, inda ake yi wa 'yan maruƙa mata na shanu da ɓauna masu wata 4 zuwa 8 allurar S19 sau ɗaya a rayuwa, ana sa musu lambar kunne, ana kuma bin jini don ganin ko cutar na raguwa. Tunda yawancin jihohinta sun hana yanka saniya, rigakafi ne babbar hanyarsu. Mu ma inda babu diyyar da za a biya wanda aka ce ya yanka, kusan a nan muke tsaye.

Mayar da sakamako, da dawowa

Kai rahoto ofishin daraktan lafiyar dabbobi na jiha, domin cuta ce da ake sanar da hukuma. Sannan ka koma ruga. Gaya wa kowane mai garke nasa a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Ka faɗa masa gaskiya cewa babu allurar da ke warkar da saniyar da ta kamu, kada ya ɓata kuɗinsa. Idan zai rabu da ita, mahauci zai kai wa, ba kasuwar masu kiwo ba, in ba haka ba ya mayar da ciwon garken wani. Masu haihuwa a ware su, sabuwar saniya ko bijimin aro a gwada kafin a haɗa, madara a tafasa kafin a sha ko a yi kindirmo. 'Yan maruƙa mata ake yi wa S19, ba maza ba, kuma likita ne zai yi, don allurar rayayyiya ce, tana kama mutum idan ta soke shi. Duk mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani a gidan, ya je asibiti ya faɗa wa likita cewa an samu cutar a shanunsu. Maganinta a mutum haɗin ƙwayoyi ne na sati shida, ba a yanke shi a tsakiya.

Baɗi a irin watan da aka yi na bana, a sake zarar ƙuri'a daga sabon jerin sunaye, a yi amfani da irin gwajin bana da takarda iri ɗaya. Idan an fara rigakafi a tsakani, a rubuta ranar da lambar kowace maraƙa, domin in sun girma sun shiga sahun gwaji a iya bambance alamar allura da ta cuta.